Wasiƙar Mai Rabon Ruwa

Idalina, 'yata, ga gaisuwa.
Maƙwabcinmu Nélio ne ke rubutawa,
ni ina faɗa, don idona ya fara yi mini rowa.

Kin ce in ba ki dalili
da zai sa ki zubar da kuɗin jirgi
a kan Madeira, tsibirin da kika sani
tun kina rarrafe.
To, ni ba ɗan talla ba ne,
sai na tambayi baƙin da ke wucewa.

Wani dogo mai jan wuya ya ce
nan ne sanyi ba ya cizo, zafi ba ya mari.
A tsakiyar Janairu ya tuɓe rigar sanyinsa
ya rataya a jikin ayabata,
ya tafi bai waiwayo ba.
Tana nan. Ni nake sawa.

Wata tsohuwa mai sanda biyu
ta zo ne ta ga bayan gajimare.
Ta hau dutse tun asuba, ta leƙa ƙasa,
ta gan shi fari fat, kamar audugar da aka shanya,
ta zauna ta sha kuka.
Shekara arba'in ina ratsa shi,
ban san yana ba da wani abu ba
ban da tari da jiƙewa.

Wasu kuwa kifin nan baƙi ya kawo su,
mai siffar takobi, mai idon firgita,
wanda ake jawowa daga inda rana ba ta zuwa.
A kan tebur mummuna ne.
Amma a soya shi da ayaba,
a tsaga gurasar dankali da zafinta,
man shanu da tafarnuwa suna narkewa...
Gani ya kori ji, ci ya kori gani.

Nasu ke nan. Ga nawa.

Magudanar da kakanninmu suka sassaƙa a jikin dutse
har yau tana tafe a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwai a ka.
Ni ne dai mai rabon:
ƙarfe uku na dare ruwan Quitéria,
ƙarfe biyar na gonar raken Ilídio,
wanda har gobe yake rantsuwa na ci masa minti goma.
Zo ki ji faɗan namu, ya fi rediyo daɗin saurarawa.

Ɗanki Telmo shekararsa bakwai,
bai taɓa tsinko abin ci daga reshe ba.
Na ga ƙafarsa a hoto, fara sol kamar ɓararren rogo.
Kawo shi ƙadangarun katanga su lashi ayaba a yatsansa,
ya ƙwalla ihu, ya gudu, ya dawo da wata.
Kawo shi tafkunan baƙin dutse
inda teku ke tsallako shinge ya sabunta ruwa.

Ke kuma, mai ninke zanin gadon baƙi
a garin da rana ke tashi aiki ƙarfe huɗu,
zo ki kwanta a wanda wani ya shimfiɗa.
Ban iya ba, zai karkace,
amma taga na kallon teku
kuma ba agogon da zai yi miki tsawa.

Saura ɗaya, na so in ɓoye.
Gwiwata ta kai ni ƙara wurin likita, ta yi nasara.
Ƙarshen Satumba zan miƙa makullan.
Kin tuna ramin da ruwa ke bi ta cikin dutse,
wanda kika tsaya a bakinsa kina da shekara tara,
kika ce duhu ya yi yawa?
Na ce miki, bari sai baɗi.
A can bayansa akwai inda ruwa ke faɗowa
daga tsayin da wuya ke gajiya kafin ido ya kai.
Baɗin nan tawa ta kusa ƙarewa.

Nélio ya ce takarda ta cika.
Kada ki wahala da tsaraba.
Kawo tocila, da takalmi mai riƙe ƙasa,
na yaron ma. Akwai santsi.